KIWON KAJI: Cikin Ɗan Tsako Da Abin Da Ya Ke Iya Ɗauka

Zuwa ga masu karatu,

A makon jiya mun tsaya a kan zancen kwanci, inda na ce kaza ta kan yi kwana 21 bisa ƙwai kafin ta ƙyanƙyashe. Da nufina yau in shiga maganar akurki da yadda a ke gina shi, sai ga Edita ya aiko mini da ƙunshin takardunku, na duba na ga duk kuka ɗaya ku ke yi. Wani ya rubuto daga Gusau, ya ce kashi ke liƙe wa 'yan tsakinsa a gindi, su yi ta kuka, su mutu ɗaya bayan ɗaya. Wata mace daga Azare ta sa ɗanta ya rubuta mata, ta ce kuɗin adashinta ta kwashe ta sayi 'yan tsaki 50 na gidan gona, kafin sati biyu fiye da rabi sun tafi, ga shi maigidanta na cewa da ma ya hana ta. Wani kuma daga Maraɗi ya ce nasa sun yi wata guda lafiya lau, rana ɗaya ya wayi gari ya ga jini cikin kashinsu. Dukansu kuwa da tambaya ɗaya suka rufe takardunsu, watau wane magani za su saya.

To, akurki ya dakata, wanda 'yan tsakinsa ke mutuwa ba ya jin zancen gini. Amma ina roƙon waɗannan bayin Allah su yi haƙuri in fara faɗa musu abin da ba su tambaya ba. A ganina, yawancin 'yan tsakin da ke mutuwa cikin kwana 10 na fari sanyi ke kashe su, da ƙishirwa, da abincin da cikinsu ba ya iya ɗauka. Mai kantin magani ba zai gaya muku haka ba, don ba a sayar da ɗumi cikin kwalba. Saboda haka bari mu san cikin tukuna, sa'an nan mu komo ga magani.

Duk wanda ya taɓa gyara kaza ya ga abin da zan faɗa da idonsa. Kaza ba ta da haƙori. Abin da ta tsinta ya kan gangara zuwa maroro, watau jakar nan da ke gindin wuya ta hannun dama, ya zauna can ya jiƙa. Daga nan ya wuce wani ɗan tumbi inda ruwa mai tsami ke zubo masa, kana ya faɗa ƙundu. Ƙundu shi ne dutsen niƙan kaza, tsakuwar da mu kan tarar a ciki kuwa ita ce haƙoranta. In ya niƙu sai ya bi hanji, jiki ya tsotse rabonsa. Kusa da ƙarshen hanji akwai waɗansu 'yan hanji biyu masu toshiyar kai, ku riƙe su a zuciya don za mu komo kansu. Bayan wannan sai ƙofa ɗaya tak, ta nan kashi ke fita, ta nan fitsari ke fita, ta nan ƙwai ke fita. Farin nan da ku ke gani bisa kashin kaza shi ne fitsarinta. To, ku tuna duk wannan kayan aiki yana cikin jikin da bai wuce giram 40 ba ran da aka ƙyanƙyashe shi, ƙofar kuma ba ta fi ƙwayar dawa girma ba.

Ɗan tsako ba ya fitowa duniya hannu rabbana. Sauran kwana ɗaya ko biyu ya fasa ƙwai, sai ya janye ragowar gwaiduwa cikin cikinsa ta cibiya, ita ce guzurinsa na kwana biyu zuwa uku. Da wannan guzuri ne a ke iya zuba 'yan tsaki cikin kwali a Ibadan, a ɗora su a mota su kwana bisa hanya, su iso Arewa da ransu. Amma waɗansu sun ɗauki wannan hujja, suna cewa kada a ba ɗan tsako kome sai ya kwana uku, wai sai gwaiduwar ta narke. Wannan kuskure ne. Masana sun gwada sun ga wanda ya ci da wuri shi ya fi saurin shanye gwaiduwarsa, hanjinsa kuma ya fi saurin ƙwari. Balle 'yan tsakin malamar Azare, waɗanda kafin su iso hannunta sun riga sun cinye rabin guzurin a mota, ba ko ɗigon ruwa. Irin waɗannan, da saukarsu, ruwa za a fara ba su, mai ɗan ɗumi, da sukari babban cokali biyu cikin lita guda. A kama kowane ɗaya a tsoma bakinsa, don wanda ba shi da uwa ba shi da mai nuna masa kasko. In sun sha sun warware, cikin awa ɗaya ko biyu a barbaɗa musu abinci bisa takarda. Sukarin nan kuwa na yini ɗaya ne kurum. In aka ci gaba da shi sai ya sa zawo mai danƙo, a koma ga abin da a ke gudu.

Yanzu ga amsarka, malam na Gusau. Abin da ka ke gani ba annoba ba ce, ba kuwa ya yaɗuwa daga wannan zuwa wancan. Kashi ne mai danƙo ya kama gashin da ke kewaye da dubura, ya bushe, na baya ya zo ya hau kansa, har ya toshe ƙofa kamar an yaɓe bakin rumbu. Da ya ke ƙofar ɗaya ce, kashi ya tsaya, fitsari ya tsaya, cikin ya kumbura, ɗan tsako ya bar ci, kwana ɗaya ko biyu ya mutu. Maganinsa ruwan ɗumi da haƙuri. Ka jiƙa tsumma mai tsabta ko auduga, ka dafa wurin har busasshen kashin ya yi laushi ya saki da kansa. Kada ka finciko shi a bushe, fata za ta biyo. Kada kuma ka tsoma ɗan tsakon duka cikin ruwa. In ya fita ka tsane wurin sarai, ka shafa ɗan basilin ko man gyaɗa, ka ajiye shi kusa da wuta har gashinsa ya bushe kafin ka mai da shi cikin 'yan'uwansa, in ba haka ba sanyi ya kama shi, ko su yi ta saran wurin. Abu guda kuma ka kiyaye. Ƙasa da dubura kaɗan, ta wajen ciki, akwai cibiya, sau da yawa da ɗan baƙin ɓawo a kanta. Wannan ba kashi ba ne, kada ka taɓa shi. Mutum ya kan zaci yana taimako, ya ɓamɓare cibiya, ya buɗe wa cuta hanya.

Wanke gindi dai gyaran yau ne. In ba ka kawar da dalilin ba, gobe ka sake wankewa. Babban dalili kuwa shi ne sanyi, ko zafin da ya wuce kima. Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai ya yi gashi sosai, shi ya sa uwa ke tara su ƙarƙashin fiffike. Wanda ba shi da uwa, a satinsa na fari yana bukatar ɗumi digiri 32 zuwa 35 a inda ya ke kwance, a riƙa rage kamar digiri 3 kowane sati har ya kai sati biyar ko shida. Na san ba kowa ke da ma'aunin zafi ba, ba kuwa dole ba ne, 'yan tsakin da kansu ma'auni ne. In sun cunkushe jikin wuta suna hawan juna suna kuka mai tsini, sanyi su ke ji. In sun gudu bango sun buɗe baki sun saki fiffike, zafi ya yi yawa. In sun bazu ko'ina, wani na ci wani na barci, to, ka daidaita. Da hunturu, tsakanin tsakar dare da asuba a ke yin ɓarna, lokacin da gawayin kurfoti ya mutu, ko aka ɗauke wutar lantarki, mai kiwo kuma ya yi nisa cikin barci. Da bazara kuwa, ɗakin kwano da tsakar rana ya isa ya kashe su ba tare da an hura kome ba. Mai ɗumama su da gawayi ya bar kafar shan iska ta sama, don gawayi cikin rufaffen ɗaki yana fid da iska mai guba marar wari, ga tsuntsu da mutum duka.

Ga wata dabara da manyan gidajen gona ke yi, ba ta cin ko kwabo. Ran da 'yan tsaki suka kwana ɗaya a hannunka, kama kamar goma daga kusurwa dabam dabam, ka shafa maroronsu da yatsa a hankali. In ka ji shi cike da laushi kamar ƙullun koko mai kauri, ya ci ya sha. In ka ji shi da tauri kana jin ƙwayoyin abinci, ya ci amma bai sami ruwa ba. In ka ji ruwa tsululu, ya sha bai ci ba. In fayau ya ke, wannan bai gane kome ba tukuna. Abin da a ke so, bayan yini da kwana, cikin goma a sami tara ko duka goman cike. In ba haka ba, tun a ran nan za ka san akwai gyara, ba sai gawa ta faɗa maka ba.

Mu zo ga abinci, inda na ke da magana mai tsawo. Tun kaka da kakanni tsaki mu ke watsa wa 'yan tsaki, da ɗan dusa, suna kuwa rayuwa. Saboda haka in na ce tsaki bai isa ba, sai wani ya ce yaushe aka haife ni. Amma a duba da kyau. Kazar gida in ta fita da 'ya'yanta, tun safe ta ke tono a juji da gindin danga, tana kiransu ga gara, da tsutsa, da ƙananan fara, da ɗanyen haki. Tsakin da uwargida ta watsa ƙari ne kurum, naman yana can waje. To, sai mu ɗauko ɗan tsakon gidan gona, wanda aka yi irinsa don saurin girma, mu kulle shi cikin kwali ko keji, mu ba shi tsaki da dusa, mu ce ai haka a ke yi tun da. Mun ba shi rabin abincin kazar gida, mun hana shi ɗaya rabin.

Ga lissafin. Abin da ke gina tsoka da gashi, wanda masana ke kira furotin, ɗan tsako na bukatar kamar kashi 20 cikin 100 na abincinsa ya zama shi ne. Gero da dawa da masara kuwa abin da ke cikinsu bai wuce kashi 9 zuwa 12 ba. Dusa ta ɗan fi su, amma ƙaiƙayi ya yi mata yawa, ta kan cika maroro ta wuce ba ta bar kome ba. Shi ya sa za ka ga ɗan tsako yini yana ci, ga ciki tulu, ga ƙirji kamar wuƙa, fikafikai sun yi masa tsawo suna jan ƙasa.

Mai hali ya sayi abincin buhu irin na 'yan tsaki, wanda masu sayarwa ke kira sitata. A nan ma sai an buɗe ido, musamman mai sayen mudu ɗaya ko biyu daga buɗaɗɗen buhu. Na sha ganin an auna wa mace abincin kaji masu ƙwai, a ce mata ai duk abincin kaji ne. Ba ɗaya ba ne. Na masu ƙwai an cika shi da sinadarin kalsiyam, abin da ke yin ɓawon ƙwai, har kusan kashi 4 cikin 100, alhali ɗan tsako kashi 1 ya ishe shi. Ragowar ƙodarsa ce ke wahalar fid da ita, har ta gaza. Ku ce a nuna muku takardar da ke ɗinke a bakin buhun, ku kuma sansana. Abin da ya yi wari, ko ya dunƙule, ko ya daɗe a buɗe, ku bar wa mai shi.

Wanda buhu ya fi ƙarfinsa ya haɗa nasa. A kan kilo 10, a sami kilo 6 na masara ko gero, kilo 3 na waken soya, rabin kilo na garin busasshen kifi, rabin kilo na dusa. A ƙara tokar ƙashi da aka daka kamar giram 200, da gishiri babban cokali biyu a shafe, kada ya wuce haka. In an sami garin bitamin na kaji a kantin magungunan dabbobi a zuba yadda aka rubuta a jikinsa. A ɓarza shi ya yi kamar tsaki mai laushi, kada ya zama gari lilis, don gari ya kan manne musu a baki. Da kilo na faɗa, ba da mudu ba, gama mudun dusa da mudun masara ba nauyinsu ɗaya ba. Waken soya kuwa tilas a soya shi a kasko har ya yi ƙamshi ya ɗan yi ja. Ɗanyensa na da wani abu da ke hana hanji narkar da abinci, ɗan tsako ya yi ta zawo ba ya girma. Dafaffen ƙwai ɗaya da aka marmasa ya ishi 'yan tsaki goma ƙari a kwanakin fari, shi ne kuma abin da na fi so a ba wanda ya raunana.

Gara kuwa kyauta ce, iyayenmu sun san ta tun ba a san buhu ba. A sami tsohuwar tukunya, a cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen kara da totuwar masara, a yayyafa ruwa, a kife ta bisa hanyar gara da maraice, a rufe da ganye. Da sassafe kafin rana ta yi zafi a ɗauko a kakkaɓe musu. Sai dai a tsince masu manyan kai ɗin nan masu cizo, ba su dace da maƙoshin ɗan kwana uku ba.

Akwai masu sa ƙuli-ƙuli maimakon waken soya. Yana gina jiki ƙwarai, har ya fi waken, amma wanda aka yi don mutane da gishiri a ciki, gishirin da ba ka ko ji a harshenka ya isa ya kumbura ɗan tsako. Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne fumfuna. A 1960, a Ingila, 'ya'yan talotalo fiye da 100,000 suka mutu cikin 'yan watanni, aka rasa kan cutar. Da aka bi sawu sai aka tarar garin gyaɗa ne da aka kawo daga Burazil aka haɗa musu abinci da shi, fumfuna ta kama shi ta zuba masa dafi. Dafin nan shi a ke kira afalatoksin, hanta ya ke ci, kuma dafuwa ko suya ba ta kashe shi. Fumfunar da ke yin sa tana nan cikin gyaɗarmu da masararmu duk inda aka adana su da laima. Mu kuwa al'adarmu, in an tsince hatsi, ruɓaɓɓen da mai baƙi-baƙin shi a ke cewa a zuba wa kaji. Babbar kaza ta yiwu ta ɗauka ta rame kurum, ɗan tsako ba ya ɗauka. Abin da ba za ki tuƙa wa 'ya'yanki ba, uwargida, kada ki ba ɗan sati biyu. Haka kuma angurya, a bar wa shanu da tumaki, tana da guba ga kaji. Ɗanyar madara ma ba ta karɓe su ba, cikinsu ba ya narkar da sukarinta, zawo ta ke sa su. Mai jiƙa abinci da ruwa ya jiƙa abin da za su cinye nan take, don da zafin ƙasarmu kafin azahar ya yi tsami.

Wanda ke cin abincin buhu zalla bai damu da tsakuwa ba. Amma da zarar an fara ba shi tsaki ko ganye, a aje masa yashi mai tsakuwa-tsakuwa cikin murfin gwangwani, ƙundu ya sami abin niƙa. Shimfiɗa kuwa, a guji garin katako mai laushi na injin zarto. Ɗan kwana biyu bai san bambancinsa da abinci ba, sai ya cika ciki da shi, ya mutu da yunwa alhali maroro cike. Firar katako manya irin ta kafinta ta fi, ko buntun shinkafa, a rufe da takarda kwana uku na fari.

Hausawa na cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Gaskiya ne, amma ba kyauta ya ke sha ba, ya kan bar tukwici, don ƙadangare da ɓera duk suna ɗauke da ƙwayoyin cutar zawo a kashinsu. Kaskon 'yan tsaki a wanke shi kullum, a sake ruwa safe da yamma, a sa shi a inuwa. Ya zama marar zurfi, da 'yan duwatsu a ciki don kada su faɗa su jiƙe. Ɗan tsako ya kan sha kamar ninki biyu na nauyin abin da ya ci, da bazara fiye da haka, in ruwa ya yanke kuwa ci ma ya tsaya.

Sai cututtuka na ainihi, waɗanda su ma akwai su. A nan abu biyu ke nuna hanya, kamannin kashi da kwanakin ɗan tsako. Da fari ku sani, 'yan hanjin nan biyu da na ce ku riƙe su kan zubar da abin da ke cikinsu 'yan lokatai a yini, kashi mai laushi, launin ƙasa-ƙasa, mai wari. Wannan lafiya ce, kada a sayi magani dominsa.

In a sati na fari zuwa na uku aka ga farin zawo kamar alli, 'yan tsaki sun takure sun rufe ido suna mutuwa da yawa, ga ɗumi daidai ga abinci mai kyau, to a yi zaton cutar da likitoci ke kira fuloram. Wani masani Ba'amurke mai suna Rettger ya gano ƙwayarta wajen 1900. Mugun halinta shi ne daga uwa ta ke bi ta cikin ƙwai, watau da ita a ke sayo su. Wanda ya warke kuma ya kan zama mai ɗauke da ita, saboda haka ba a barinsa don iri. Haka kuma in ciki ya kumbura ya yi laushi, cibiya ta jiƙe tana wari, suna mutuwa tun kwana uku zuwa bakwai, gwaiduwar ce ta ruɓe, laifin kuwa daga wurin ƙyanƙyasa ya ke. Malama ta Azare, ba ki faɗi irin kashin da suka yi ba, amma ki gwada abin da kika gani da waɗannan. In ya zo daidai, ki gaya wa maigida ba sakacinki ba ne, ki kuma sake wurin saye. In bai zo daidai ba, ki duba wutarki da dare da abin da aka auna miki a mudu. Ragowar da ke hannunki sun wuce mafi wuyar kwanaki, kada ki karaya ki sayar da su a wulaƙance.

Kai kuwa malam na Maraɗi, wata guda da jini cikin kashi, wannan ya yi kama ƙwarai da cutar da masu kiwo ke kira koksi. Wata ƙwaya ce da ido ba ya gani, ta kan shiga bangon hanji ta hayayyafa ta fasa shi, mai sa jinin kuwa cikin 'yan hanjin nan biyu ta ke zama. Ƙwanta na fita cikin kashi, amma ba ya kama wani sai ya sami laima da ɗumi na kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan ya nuna. Ka ga ke nan jiƙaƙƙiyar shimfiɗar da ke kewaye da kaskon ruwa ita ce gonarta, damina kuma ita ce kakarta. Ta fi kama 'yan sati uku zuwa shida. Wannan kam tana da magani, amfuroliyam, a cikin ruwan sha kwana 5 zuwa 7, ga dukan garken, ba ga masu jinin kaɗai ba. Ka hanzarta, don ba ta jira. Ka kwashe shimfiɗar duka ka zuba busasshiya, ka ɗaga kaskon bisa bulo.

A wannan tsakani na sati uku zuwa shida akwai kuma gumboro, wadda ta ci sunan wani ƙauye na Amurka, aka kuma fara bayyana ta a 1962. Alamarta farin zawo mai ruwa, gashi a tashe, suna saran gindin kansu. Sai kuma babbar annobar nan ta hunturu mai share kajin gari, mai sa koren zawo da murɗewar wuya, wadda a ke kira Niyukasil, da sunan garin Ingila inda ta ɓulla a 1926. Waɗannan biyu ba su da magani ko a kantin wa, sai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ta ke can tun 1924, tana yin rigakafinsu, ciki har da irin na Niyukasil mai jure zafi wanda a ke ɗigawa a ido, don kajin ƙauye. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, sai maƙwabta su haɗa kai su je ofishin likitan dabbobi, a tsara musu ranaku.

Sauran zancen kafso. Kusan kowane gida, da ɗan tsako ya yi sanyi, sai a aiki yaro ya sayo ja-da-yalo a farke a zuba a ruwa, wani ya ƙara da barkono ko ɓawon maɗaci. Barkono dai tsuntsu ba ya ko jin yajinsa. Kafson kuwa ba ya buɗe toshiyar gindi, ba ya ɗumama ɗaki, ba ya taɓa gumboro ko Niyukasil. Yana kuma da ɓarnarsa. A 1973 waɗansu masana biyu na ƙasar Finland, Nurmi da Rantala, suka ɗebi abin da ke cikin hanjin lafiyayyar babbar kaza suka ɗura wa 'yan tsaki sababbin ƙyanƙyasa, sai suka ga ƙwayar salmonela ta kasa zama a cikinsu. Ashe hanji na da nasa ƙwayoyi na kirki masu tare wa miyagu wuri, ɗan kazar gida kuma daga kashin uwarsa ya ke tsintar nasa. Kafson da a ke zubawa ba dalili su ya ke fara kashewa, miyagun da suka tsira kuma su saba da shi, ran da ɗan mutum ya bukace shi a tarar ba ya ci. Maganin irin wannan sai likita ya duba ya ce a ba da.

Tun da zance ya kawo mu ga yara, ɗan tsako abin wasansu ne, su kan rungume shi har su kai baki. Mai lafiya sarai ma yana iya ɗauke da salmonela. A sa su wanke hannu da sabulu, kada kuma kwalin 'yan tsaki ya kwana inda a ke aje kwanonin abinci. Wanda ya mutu a binne shi da zurfi, kada a jefa bayan danga.

Masu niyyar rubuto mini a kan wannan, ina roƙonku ku riƙa faɗin kwanakin 'yan tsakin, da inda kuka samo su, da abin da su ke ci, da launin kashinsu, da ko nawa suka mutu cikin kwana nawa. Wanda ya ke kusa da ofishin likitan dabbobi kuwa kada ya jira jarida ta fito, ya ƙunshe wanda bai daɗe da mutuwa ba cikin leda ya kai a buɗe a duba hanjin.

Sai mako mai zuwa. Wassalam.